Gwiwar Dije

Har yau ban manta da ranar da Dije ta gaida mahaifinta a tsaye ba. Ana saura shekara guda a ba mu mulkin kai ne, ina kafinta mai mataki na biyu a shagon ƙafar katako na wani asibiti a nan Bauchi. Mu biyu ne a shagon: ni mai takardar makarantar sana'a, da Baba Sale, maƙeri daga Ƙofar Dumi, wanda a rajista lebura aka rubuta shi. Likitanmu Bature ya riga ya ce kafin ya tafi gida zai naɗa ɗayanmu shugaban shago. Ni dai a raina magana ta ƙare.

Dije 'yar Fulani ce mai shekara tara, maciji ya sare ta, aka yanke ƙafar a saman gwiwa. Ƙa'idar aikin ita ce a auna dungulmin, a sassaƙa masa kwarmi, a haɗa gwiwa da ƙwauri, a gwada. Na bi littafin Bature layi-layi. Gwiwar da na yi tana lanƙwasawa daidai zaman kujera, na goge ta har tana sheƙi.

Ran gwaji na tambaye ta a gaban ubanta, "Tana miki ciwo?" Ta ce a'a. "Ta yi miki?" Ta sunkuyar da kai. Na rubuta cewa aiki ya yi. Da suka fita Baba Sale ya ce, "Malam Garba, ba ka ga yadda ta gaida tsohonta ba? A tsaye, kamar ɗan sanda. Fulako ne ya hana ta magana, ko wuta ka ɗaura mata ba za ta yi ƙorafi a gabansa ba. Wannan ƙafar a rataye za ta ƙare." Na ce masa ya kula da zugazuginsa, ya bar wa masu ilimi awo.

Bayan wata biyu uban ya dawo da ita a kan jaki, ƙafar da na yi mata a ɗaure a gefe kamar itacen girki. Ya ce ba ta iya durƙusawa ta gaida manya, ba ta iya tsugunawa tatsa, ga shi kuma ta ƙara tsawo, ƙafar ta gaza. A ruga ina aka ga kujera? Ni ban taɓa tambayar kaina ba.

Ashe Baba Sale ya daɗe yana ƙere-ƙerensa. Ya fito da gwiwa mai naɗewa har ƙarshe kamar awartakinsa, da robar tayar keke da ke mayar da ita miƙe, ƙwaurin kuma ƙarfe biyu ne masu ramuka, in yarinya ta girma a zare noti a matsa gaba. Da aka ɗaura mata, Dije ta taka, ta juya, ta durƙusa har ƙasa gaban ubanta. Tsohon ya kau da kai yana share ido. Likita ya yi ta jinjina gwiwar. Ni kuwa wallahi zuciyata kamar ta fashe, ko abinci ban iya ci ba ranar.

Baba Sale bai iya boko ba, don haka ni aka sa rubuta rahoto. Na rubuta "gwiwar da shagonmu ya ƙera," na sa hannu a ƙasa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Da takarda ta je sama, ni aka naɗa. Ya zo ya ce, "Allah ya taya riƙo, Malam," ya koma bakin wutarsa.

Duk shekara bayan damina Dije kan zo a matsa mata rami. Takan wuce teburina ta ce, "Sannu, Malam," a tsaye, ta zarce maƙera ta durƙusa wa Baba Sale. Shekara shida ina kallon wannan, kullum sai na ji zafinsa sabo.

Ku da kuke aikin yanzu, kafin ku ɗauki awo ku dubi yadda mutum ke zama da yadda yake gaisuwa a gidansu, kada ku tsaya ga abin da bakinsa ya faɗa. Ni na samu kujerar, amma da wannan gwiwar ba a taɓa durƙusa mini ba.