Kalmar da Laftana Ya Hana

Ina koyarwa a firamare a Gumel lokacin da Laftana ya dawo daga yaƙin basasa. Kafin ya shiga soja shi ne gwanin ƙwallon garinmu, har daga Gagarawa ake zuwa a keke don a ga ƙafarsa ta hagu. Ya dawo da muƙamin hafsa da kunne guda a toshe, ba ya son hira. Sau biyu yana fita hayyacinsa a cikin gida, ya yi ta fashe-fashe. Yayansa ya rantse a gaban dangi cewa in aka yi na uku, ƙauye za a kai shi wajen malamin da ke sa wa masu taɓin hankali mari. Duk mun san da wannan rantsuwa.

Ƙwallo ce ta riƙe shi. Ya tara mu, malamai da teloli da wani mai gyaran keke, ya ce zai koya mana wasa. Bayan la'asar muke haɗuwa a filin makaranta, ya sa mu gudu cikin rairayi har sai mun ga jiri. Shekarar fari ce, rabinmu da kunu kawai muke zuwa, amma ba ruwansa. Ni ne mai tsaron baya, kuma ni ne mai yawan baki.

Doka ɗaya ya kafa mana. Kowa ya sani a wajenmu idan ɗan wasa ya kusa raga sai a yi masa ihu, "Harba!" Laftana ya ce ba ya son jin kalmar nan a filinsa, a ce "buga". Na tambaye shi dalili.

"Malam, ƙwallo ce, ba bindiga ba," in ji shi.

"Yallaɓai, ai ko jaki yana harbi."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Na ɗauka isa ce irin ta soja, kuma ni a lokacin ba na ƙaunar a gwada mini isa. A bayan idonsa har kwaikwayonsa nake yi.

Da kaka ta wuce aka gayyace mu wasa Maigatari, ranar kasuwa. Muka hau bayan motar hatsi wadda ba hatsi a cikinta. 'Yan kallo ba yawa, don mutane na can suna sayar da shanunsu da suka rame a wulaƙance. An ci mu ɗaya tun kafin hutu, rana ta dafa ni, raina a ɓace. Saura kaɗan a tashi sai ƙwallo ta faɗo gaban ɗan wasanmu na gaba, wani tela mai sanyin hali da bai daɗe da aure ba. Daga shi sai gola. Ya tsaya yana gyara ƙafa kamar mai zura zare a allura. Haushi ya kama ni, na buɗe maƙogwaro iya ƙarfina.

"Harba mana! Harba!"

Mutanenmu da suka biyo mu suka ɗauka, fili ya kaure da kalmar. Sai na ga Laftana ya keto daga bakin layi a guje, yana ihu, "Kar a harba! Mata ne!" Ya rungumi telan ta baya ya maka shi da ƙasa, ya danne shi da dukkan nauyinsa. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashi. Mutum huɗu suka ɓamɓare Laftana, ya jiƙa wandonsa. Wasu 'yan kallo suna ta dariya. Telan kuwa kafaɗarsa ta dama ta karye.

A mota aka yi ta tambayar wanda ya fara faɗin kalmar. Kowa ya ce bai sani ba, hayaniya ta yi yawa. Na yi shiru. Tsoro ne ya hana ni magana, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Kwana uku bayan haka yayansa ya cika rantsuwarsa. Ƙungiya ta watse. Mai ɗori ya ɗaure wa telan kafaɗa, amma ta warke a karkace, hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Ya ci gaba da ɗinki a hankali, ƙwallo dai ya bar ta ke nan.

Sai da damina ta zagayo na iya zuwa ganin Laftana, a wani ƙauye gaba da Ɗanzomo. Na same shi a gindin aduwa, ƙarfe a ƙafafunsa, ƙafar hagun nan ta yi gyambo inda marin ke goga. Ya gane ni nan take. Hankalinsa sarai yake, abin da ya fi tayar mini da rai ke nan. Na durƙusa na ce, "Yallaɓai, ni ne na fara faɗin kalmar."

"Na sani, Malam. Kunnen da ya rage mini ya san muryarka."

Sannan ya ce shi ma sau ɗaya ya faɗe ta a lokacin yaƙi, a bakin wata gonar rogo, da ya ga ganye na motsi. Sojojin da ke ƙarƙashinsa suka bi umarni, don ya koya musu bin umarni da kyau. Ashe mata ne a cikin gonar.

Na miƙe zan tafi sai ya riƙo bakin rigata.

"Wanda na kayar, ya tashi?"

"Ya tashi, Yallaɓai. Yana ɗinkinsa."

Ya saki rigar. "To, alhamdulillahi," in ji shi. "Su ba su tashi ba."