Takalma Sun Cika, Yarinya Babu

Ko zan manta komai a duniya, ban da wata Juma'a a gidan renon yara na gwamnati inda na yi aiki a ƙasar Kazaure. Har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi, sannan in kama murmushi ni kaɗai.

Akwai wata dabara da muka gada wajen waɗanda suka riga mu aiki. In yara sun shiga barcin rana ba ma bi mu duba su, wai kada mu tashe su. Takalman bakin ƙofa muke ƙirgawa, in sun cika shi ke nan. Ni da rawar kaina har yabon dabarar nake yi. Ranar Juma'a kuma a buɗe ƙofar gida take yini, don a wurinmu abin kunya ne mai kawo sadaka ya tarar da ƙofa a rufe.

Ran nan na ƙirga takalman ɗakina, sun cika cif. Sai da la'asar ina rabon kunu, kofi ɗaya ya rage a faranti. Na autar ɗakin ne, 'yar shekara huɗu, shiru-shiru, wadda ta tsani sa takalmi. Na leƙa banɗaki, na leƙa ƙarƙashin gado, na zaga bayan tanki. Wayam!

Na ruga wajen Hajiya, shugabar gidan.

"Yaushe rabon da ki gan ta da idonki?" in ji ta.

"Hajiya, ai takalmanta..."

"Takalmi na tambaye ki?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai Baba mai gadi ya matso ya ce, "Ranki ya daɗe, da zan tafi masallaci na ga mai nonon nan ta Roni ta fita, wata 'yar yarinya na biye da ita. Na ɗauka tata ce."

Ban jira ya rufe baki ba. Na ɗare acaɓa, mayafi a hannu. "Malam, tashar Roni, don girman Allah murɗa!" Muna gudu ina hango mata haɗarin manyan motoci da duwatsun hanya, ina salati a bayyane har ɗan acaɓan ya taya ni.

Muna shan kwana na hango yarinyar. Ga ta can gindin bishiya, zaune daram, ta riƙe ludayi tana shan fura, mai nonon na kore mata ƙuda. Na diro tun babur bai tsaya ba, na rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha, ni da ban taɓa iya guɗa ba!

"Ke ce uwarta?" in ji mai nono. "Kai, kun ba ni aiki! Sai da na iso nan na ga mutum a bayana. Na tambayi gidansu, ta yi gum, ni kuwa gida nawa na shiga yau? Mota biyu na bari suka tafi. Na ce mai ɗa dai zai zo nema."

Na durƙusa na rungume yarinyar ina kuka ina dariya. Ta ɗago ta dube ni, bakinta duk nono, ta ce, "Inna, ashe za ki zo?"

Wannan tambayar ta fi faɗan Hajiya yi mini zafi.

Hajiya da kanta ta kai rahoto ma'aikata, ba ta rufa wa kowa asiri ba. Masu duba aiki suka zo, na karɓi takardar gargaɗi, na kuma san na cancanta. Aka sa littafin shiga da fita a ƙofa, aka ce kowane yaro a kira sunansa a ga fuskarsa.

Abin da na koya shi ne, ɗan gida in ya ɓace, unguwa guda ce ke tashi nemansa. Yaron da ke hannun hukuma kuwa, in mai aikin ranar ba ta lura babu shi ba, to babu wanda zai lura.