Man Nankarwa na Nana Hadiza

Na daina shafa man Nana Hadiza a makon da muka binne 'yata Fauziya, saboda ina tsoron kada ya yi aiki.

Duk macen da ta haihu a layinmu na New Bell, cikin Douala, a shekarun nan ta san Nana. A unguwar aka haife ta. Mahaifinta farken goro ne da ya zo daga Kano, bai sake komawa ba. Tana zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya, kuma mun ɗauka ba ta taɓa haihuwa ba. Sana'arta wankan jego da haɗa man nankarwa, wato zanen nan da ke fitowa a cikin mace idan fata ta miƙe fiye da ƙarfinta. Man kaɗanya take narkarwa a ƙaramar tukunya, ta zuba a tsofaffin kwalaben mayonis, ta rufe baki da leda.

Na haifi Fauziya a 1991, lokacin da yajin aikin gama-gari ya rufe kasuwanni da titunan Douala, abin da ake kira vil mort. Kaɗanyar da ake kawo wa Nana daga arewa ta yanke. Ba ta zauna jira ba. Ta je wajen wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Basa ta koyi toya manyanga, baƙin man ƙwarar kwakwar manja, ta riƙa gauraya shi da ɗan abin da ya rage mata. Warinsa kamar an ƙona gyaɗa. Mijina Jibirilla ya ce in dai wannan ne maganin, shi nankarwar ba ta dame shi ba. Nana ta ce masa ai ba cikinsa ake shafawa ba, ya fita ya ba mata wuri.

Ni kuwa ta dame ni. Zanen ya fito jajaja daga cibiya zuwa ƙugu, yana ƙaiƙayi. A jami'a na karanta kimiyyar halittu, na san tsagewa ce a ƙarƙashin fata, na san kuma tana dusashewa da kanta amma ba ta ɓacewa. Duk da haka nakan tambayi Nana yaushe za ta tafi. Madam Bonanjo take kirana, don a unguwar Bonanjo nake aikin ofis. Kullum amsarta ɗaya ce: ita ba ta goge komai, fata kawai take lallashi don ta bar ƙaiƙayi. Haka take gaya wa kowa, kowa kuma ya ɗauka kawaici ne irin na mai sana'a. Na ci gaba da saye. Aka rage albashi, aka karya darajar kuɗin sefa, na bar abubuwa da yawa, ban bar kwalbar Nana ba.

Fauziya ta tashi ta ga zanen ya koma fari-fari. Idan na fito wanka takan bi shi da yatsa, ta ce wannan hanyar Sodiko ce, gidan kakarta, wannan kuma ta tashar jirgi. Ta taɓa tambayar Nana wa ya yi mini shi. Nana ta ce ita ce, da ba ta zauna wuri ɗaya ba a ciki. Yarinyar ta yi ta alfahari da wannan har wajen ƙawayenta.

Zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke ta tana da shekara shida, a daminar 1997.

Bayan an watse daga zaman makoki, na lura cewa kayanta sun fara barin gidan. Tufafinta aka yi sadaka da su, kamar yadda ya dace. Takalmanta suka tafi wajen 'yar ƙanwata. Abin da ba wanda zai iya ɗauka shi ne wanda ke jikina, shi kuma na shekara shida ina biya don ya tafi. Na tura kwalbar ƙarƙashin gado. Duk safiya ina duba cikina a madubi, sai in ga kamar wani layin ya ƙara dusashewa. Karatuna bai hana ni wannan tsoron ba.

Nana ta zo wata ranar Laraba da hantsi da sabuwar kwalba, a lokacin da ta san tsohuwar ta isa ƙarewa. Na ce mata da saura. Ta nemi ta gani. Da na jawo ta, a cike take, ƙura ta rufe ledar. Ta dube ni ina sosa gefen cikina ta kan zane, ta tambayi dalili. Na gaya mata.

Ba ta yi mini wa'azin haƙuri ba. Ta tashi ta tura ƙofa, ta sassauta zanenta, ta nuna mini ƙasan cibiyarta. Layuka ne sirara, masu ɗan sheƙi, a kan fatar da ta yi yaushi.

"Ɗana Salman," in ji ta. "Bai kai ga yaye ba. Tun kafin a haife ki nake shafa man nan kullum. Kin ga ya tafi?"

Na ce a'a.

"To, Maman Fauziya, kwanta."

Ranar ce ta fara kirana da wannan sunan. Ta ɗebi man, ta murza a tafin hannunta har ya narke, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya kamar lokacin jego.

Nana ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, ba ta bar wa kowa ma'aunin haɗinta ba. Yanzu kaɗanya zalla nake saye a kasuwa, ina shafawa bayan wanka. Hanyar Sodiko tana nan, ta tashar jirgi ma haka.