Ranar da Sunka Fidda Ni Daga Zauren 'Yan Ajinmu

A garin Isa anka haife ni, ubana Kirista ne mai gyaran mota. Rashin tsaro ya koro ni Sakkwato. Abin da ya rage mani na gida shi ne zauren 'yan ajinmu na firamare a waya. Ban iya dogon rubutu ba, hirarsu kawai nike saurare in ji sanyi.

Ranar da 'yan bindiga sunka sako wani ɗan ajinmu na Tozai, kowa na ta Alhamdu lillahi. Murna ta ɗebe ni, na rubuta: "Mun gode wa Yesu, cocinmu ma mun yi mashi azumi."

"Wa ya saka arne cikinmu?" in ji wanda munka yi shekaru muna zama benci guda. Wani ya ce nan ba coci ba ne. Kafin la'asar an fidda ni.

Zagin bai dame ni ba, na saba. Abin da ke ci na, an yanke gero a gida ban san wa 'yan bindiga sunka bari ya shiga gonarshi ba. Ko rasuwa anka yi garinmu, sai in bi direbobi tasha ina tambaya kamar baƙo.