Ajamin Gwaggo a Kan Allon Kwamfuta

Shekarar da na gama karatun kwamfuta ban samu aiki da wuri ba, kuma zaman gida bai taɓa karɓata ba. In na zauna minti goma sai ƙafata ta fara rawa. Gwaggo, yayar babana, ita ta samo mini abin yi ba da niyya ba.

Tun da aka rushe wani sashe na Zongo don a sake gina tsakiyar gari, danginmu suka watse. Wasu aka ba su filaye can gefen Ouaga 2000, wasu suka bi aikin masana'antu zuwa Kossodo, mu kuma muka maƙale a ɗan gidanmu wajen Kamsaoghin. Gwaggo ce kaɗai ta san wa ya haifi wa tun daga kakanninmu fataken goro, da wanda ya auro 'yar Mosi, da wanda ya tafi Yamai bai dawo ba. Kaɗan daga ciki ta rubuta da ajami a wani tsohon kaye, wato littafin rubutu na 'yan lekol, 'yan makarantar boko. Sauran duk a kanta suke.

Na ce mata zan zuba su a kwamfuta. Ta ce, "Zuba mana, in dai zan iya karantawa da idona."

Harshen kwamfutar da na fi so a makaranta shi ne OCaml. A irin wannan harshe, in ka ajiye abu ba ka komawa ka taɓa shi. Kana ba aiki abu, ya mayar maka da sabo, tsohon yana nan yadda yake. Zuriya kuwa rassa ce, kuma harshen ya iya rassa. Cikin mako guda na gama cikin manhajar da za ta riƙe sunayen. In na tambaye ta jikokin wane ta wajen mata, sai ta jero su. Amma a baƙin allo take jerowa, da ƙananan haruffan boko, Gwaggo kuma ba ta karanta boko.

Abin da ya rage shi ne fuska, wato taga da maɓallai da manyan haruffa da mutum zai gani ya danna. Ba wanda ke gina wannan daga tushe. Akwai kayan da wasu suka riga suka haɗa, kai dai ka zaɓi ɗaya ka ɗora aikinka a kai. Na ɗauka zaɓin zai ci mini yini biyu. Wata huɗu ya ci.

Na fara da wani tsoho marar nauyi, wanda ko kwamfutata mai tari tana ɗauka. Da hantsi na kai wa Gwaggo a ƙarƙashin rumfa, tana tsince wake za a yi benga, wato wake da shinkafa. Ta gyara tabarau ta duba sunan mahaifinta. Haruffan sun fito a warwatse, ba wanda ya riƙe hannun ɗan'uwansa, kuma sun taso daga hagu.

"Wanga ba sunan babana ba ne," in ji ta, ta koma kan wakenta.

Na biyun babba ne, ya iya haɗa ajami, wasula ma suna zama inda ya kamata. Sai dai an gina shi ne don wasu harsuna, ta kan wata gada ake kai shi ga nawa, kuma halinsu bai zo ɗaya ba. Shi so yake ka riƙe maɓalli ka yi ta canja masa ciki, ni kuma shekara uku ana koya mini kada in canja komai. Duk layin da na rubuta sai in ji kamar na sa rigar wani. Ya yi aiki, amma na ƙi nuna wa Gwaggo. Na bar shi na kama wani sabo da na gani a intanet, wanda aka yi da harshen nawa tsantsa. Rubutunsa gwanin daɗi, ajami kuwa sai ya mai da shi 'yan akwatuna. Na yi kwana goma ina ƙoƙarin koya masa. Daga nan na koma ga masu cewa a bi ta burauza, wato abin buɗe shafukan intanet, na fara, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke rana tsaka, na zauna cikin zafi ina tunanin ko dai na biyun ne daidai.

Haka na yi ta yi. In hau moto mai ƙafa biyu in je siber, shagon intanet da ke bakin babban titi, in sauko da wani, in dawo in gwada, in goge. Ko a sahun sallar La'asar sai in tsinci kaina ina auna wannan da wancan. Babana ya tambaye ni sau ɗaya ko aikin ya ƙare, na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce ya ji.

Duk tsawon wannan lokaci ban ƙara suna ko ɗaya ba. Da farko kullum bayan Azahar nakan zauna gaban Gwaggo tana faɗa ina rubutawa. Da na shiga neman fuska sai na daina, ina cewa sai na gama.

Wata Juma'a ta kira ni da kanta. Ta ce akwai gidan wata ƙanwar kakarmu da ba mu taɓa ba, in kawo abin rubutu. Ta faɗi matar, ta faɗi mijinta mai sayar da atamfa, ta faɗi 'ya'ya uku. A na huɗu ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta motsa baki, ta ƙirga da yatsu ta sake dawowa.

"Mace ce," ta ce. "Mai tabo a nan. Tare muka yi allo. Ka ba ni kaɗan."

Na ba ta. Sunan bai zo ba. Ta buɗe kaye, ba ya ciki. Ban taɓa ganin Gwaggo ta nemi suna ta rasa ba, ita ma na ga abin ya taɓa ta, don ta rufe kayen a hankali ta ce in tafi, kanta na ciwo.

Da na shiga ɗaki na buɗe na biyun nan da na yi wa ƙyama. Ban sake gwada komai ba. Na ware cikin manhajar gefe guda yadda yake da tsabtarsa, na bar duk canje-canjen a fatar waje, wuri ɗaya, inda ba sai na riƙa kallonsu ba. Taga ɗaya, maɓalli uku manya, haruffa kamar na allon makaranta. Kwana biyar ya ɗauke ni, kuma har yau in na buɗe wannan sashe sai na ɗan yamutsa fuska.

Gwaggo ta karanta sunan mahaifinta, ta karanta na 'yan'uwansa, ta sa yatsa a kan gilashin ta ce na sa wa ɗaya wasalin sama inda na ƙasa ya kamata. Na gyara a gabanta. Muka koma zamanmu na bayan Azahar.

Bayan wata biyu aka yi suna a gidan wani ɗan baffanmu a Kossodo, Gwaggo ta ce in ɗauko kwamfutar. Tsofaffin mata suka kewaye ta a tsakar gida, ana Hausa ana Mosanci, kowacce na son a nuna mata gidansu. Da aka zo kan 'ya ta huɗu, inda na bar gurbi, wata tsohuwa da ta zo daga Yamai ta faɗi sunan ba tare da ta ɗago daga kwanonta ba. Gwaggo ta maimaita shi sau biyu, ta ce in rubuta. Sai tsohuwar ta ƙara da cewa ai su biyar ne, akwai namiji da ya rasu yana goye. Gwaggo ta ce sam, huɗu ne. Suka yi ta ja har aka kawo fura, ni kuma ina riƙe da kwamfutar a cinya ina jiran su gama.