Matar da Ke Cewa Ba a Dace Ba

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofishin ɗaukar ma'aikata na jami'a, tun masu shara ba su gama da baranda ba. Ta rataye jakarta, ta kunna fankar nan mai ƙugi, ta jawo kwandon takardun masu neman aiki. Kowace takarda sai ta ba ta lamba, ta rubuta ranar da ta iso, ta duba ko akwai lambar waya. In babu, har bakin ƙofa take bin mutum ta karɓa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Sakatariya ce, ba ta ɗaukar kowa, ba ta hana kowa. Amma abokan aikinta sun laƙaba mata Hajiya Ba-a-dace-ba, har masinjoji ma haka suke kiranta a bayan idonta. Dalili kuwa, abin da ta tarar ana yi shi ne a kira wanda ya yi nasara, sauran a bar su su gane da kansu. Ita ce ta ɗora wa kanta sanar da su. Mutum ɗari biyu su nemi gurbi uku, sai ta zauna ta bi ragowar ɗaya bayan ɗaya, wasu da wasiƙa, wasu da waya. Wani ya gode, wani ya kashe wayar tana tsakiyar magana, ita dai ta ja layi a kan sunan ta kira na gaba.

Ta dalilin ƙanena na san ta. Ya gama digirinsa na biyu, ya nemi koyarwa a sashen kimiyya, aka yi masa intabiyu, aka ce ya je za a neme shi. Wata biyar yana zaune a ɗakin baƙi na gidana, shi da matarsa da 'ya'ya biyu. Ko wanka zai shiga sai ya ɗora wayarsa a kan taga. Ana cikin haka wata kwaleji a wani gari ta ba shi aiki, ta ce ya amsa kafin Litinin ko a ba wani. Ya kafe shi jami'a yake jira. Na yi lallashi, na yi faɗa, matarsa ta yi kuka, ko gezau.

Ranar Laraba na sa shi gaba muka je wurin Hajiya. Ta saurare mu tsaf, ta ce hukuncin kwamiti sirri ne, ba ta da ikon faɗa sai magatakarda ya sa hannu. Na ji haushinta, ban ɓoye ba, na ce mata duk bakinsu ɗaya. Ba ta rama ba. Tambaya ɗaya ta yi wa ƙanena: “Ɗana, Litinin ɗin nan mai zuwa ka ce?”

Abin da ya biyo baya masinjan magatakarda ne ya ba ni labari daga baya. Ashe fayil ɗin hukuncin kwamitin ya yi wata biyu a kan teburin maigidansa ba a buɗe ba. Hajiya ta jawo kujera ta zauna a ƙofar ofishin. Magatakarda ya fito zuwa taro ta miƙe ta gaishe shi, ya dawo ta miƙe ta gaishe shi, ba ta ƙara komai a kan gaisuwar ba. Washegari ya tambaye ta ko ba ta da aikin yi, ya ce zai ba ta takardar tuhuma. Ta ce masa, “Ranka ya daɗe, a ba ni. Amma tunda za a ɗauki biro, a haɗa da wancan fayil ɗin.” Takardar tuhumar ta samu, tana nan a fayil ɗinta har yau. Sa hannun ma ta samu.

Juma'a da hantsi wayar ƙanena ta yi ƙara, muna zaune a falo. Na ji muryarta tana cewa, “Ɗana, ba a dace ba. Ka yi maza ka kira mutanen can.” Ya ajiye wayar ya shige ɗaki, bai ci abinci ba wunin ranar. Da safe ya kira kwalejin.

Hajiya, ke ce mai kai labarin da kowa ke gudun kaiwa. Ke kika sha tsakin mutane a kan hukuncin da ba ke kika yanke ba. Na taɓa tambayarki me masu neman aikin jami'a suka fi so, ina zaton za ki ce albashi, ko gidan ma'aikata, ko damar ƙaro karatu. Kika ce duk suna tambayar waɗannan, amma babu wanda ke fita bai ce “yaushe za mu ji?” ba. Ina jin kunyar maganar da na gaya miki a ranar Larabar nan, kuma ina neman afuwa a gaban masu karatu.

Ƙanena shekararsa goma sha ɗaya ke nan a kwalejin. Da ya ji zan yi wannan rubutu sai ya ce, “Yaya, ka ce mata har yanzu in na tuna muryarta sai gabana ya faɗi. Ka kuma ce mata ba don ita ba, da 'ya'yana a ɗakinka za su girma.”

To, na isar da saƙo, Hajiya. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar cin gajiyarsa. Ku kuma da ke da fayil a kan tebur yau, ku sani akwai mutum a bayan kowace takarda, ya dakatar da rayuwarsa yana jiranku. In an ɗauke shi ku faɗa masa. In ba a ɗauke shi ba, ku ɗaga waya ku sallame shi ya kama gabansa.