Ranar da Injin Ɗanmusa Ya Buga

Ɗanmusa ya shekara goma sha tara yana niƙa a Bukan Sidi. Rumfarsa ta kwano ce a bakin kwata, da injin gari ɗaya da na markaɗe ɗaya, wani tsohon inji mai shan gas yana jan su duka da bel. Daga wani ƙauye a ɓangaren Ashige ya shigo Lafiya yana saurayi. Ya yi dako a kasuwar doya, ya yi yaron mota, sannan ya tsaya a niƙa. Mutum ne marar yawan magana. In inji na aiki ba ya son hira, domin da kunne yake lura da shi. Sauti kaɗan ya canza, zai kashe ya duba.

A daminar bara waccan ya je ta'aziyya garin Obi. A hanyar dawowa keken da ya ɗauko su ya kife, ya karye a ƙauri. Mai ɗori ya ce kada ya taka ƙafar sai bayan wata uku. Ƙanin matarsa ya riƙe masa rumfa, shi kuma ya koma kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, mutumin da bai saba zama ba.

Babbar 'yarsa Nasiha, wadda ke da aure kuma tana sana'ar POS a bakin titi, ita ta kawo masa tsohuwar wayarta ta shafa don ya riƙa sauraron wa'azi da labarai. Ta haɗa wayar da katin bankinsa saboda sayen data. Wata rana yana kallon labarai sai talla ta fito, ya taɓa, wani wasa ya sauka. Layi uku ne na hotuna, lemo da kankana da ƙararrawa da lamba bakwai. Ka danna, su yi ta juyawa, su tsaya. In uku iri ɗaya sun jeru, sai sulallan zinariya su zubo a fuskar waya da kiɗa. Kullum da safe ana ba ka wasu sulalla kyauta.

Da Nasiha ta zo duba shi ya nuna mata.

"Wannan abin ba caca ba ce kuwa?"

Ta duba ta yi dariya. "Baba, ba kuɗin gaske ba ne. Ko ka cika wayar da sulallan nan ba za ka cire ko kwabo ba. Wasa ne kawai."

Hankalinsa ya kwanta. Gaskiya ne kuma wasan ya rage masa tsawon yini. Makonnin farko kusan duk dannawa sai ya ci. Daga baya abin ya sauya. Bakwai biyu su tsaya, na ukun ya zo kamar zai tsaya, sai ya zarce kaɗan. Sulallan safe su ƙare kafin ya gama shan kunu. Da sun ƙare sai wani akwati ya fito yana tayin buhun sulalla a farashi mai sauƙi, da agogo a gefe yana nuna lokacin da tayin zai wuce. Ranar da ya fara saye, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa a buka ba. Dannawa ɗaya ce, ba a tambaye shi komai ba. Saƙon banki yana shigowa da Turanci, shi kuma bai cika buɗe irin waɗannan ba.

Ya warke ya koma rumfa da ɗan ɗingishi, wayar tana aljihun gaba. Da farko sai babu mai niƙa yake fito da ita. Amma wayar ba ta barinsa. Kowane ɗan lokaci sai ta yi ƙara, ta ce ga kyauta tana jiransa, in bai karɓa ba za ta wuce. A hankali ya koma zuba hatsi da hannun dama, hagu na dannawa.

Wadda ta fara yi masa magana Iveren ce, wata mata Tibi mai tuyan ƙosai da alale a kusa da tasha. Ta fi shekara goma tana kawo masa markaɗen wake kowace safiya.

"Baba Musa, wannan wake nawa bai yi laushi ba," in ji ta. "Ido naka yana waya, ba ya inji."

"Kawo a sake, Maman Aper," ya ce, yadda ya saba kiranta. Ya sake markaɗa mata bai karɓi kuɗi ba, ya ɗauka magana ta ƙare.

Wata Asabar cikin zafin watan Maris, Iveren ta zo da manyan robobi biyu na jiƙaƙƙen wake. An ba ta aikin alalen biki, ana so kafin azahar. Ɗanmusa ya tada inji, ya fara zubawa. Nan wasan ya ba shi juyi ashirin kyauta a jere, abin da ya yi kwanaki yana jira. A daidai lokacin tiyon da ke kai ruwa daga durom zuwa inji ya zame, ruwan sanyaya inji ya fara kwarara cikin kwata.

"Baba Musa, ruwa yana zuba," in ji Iveren.

"To, ina zuwa," ya ce. Bai ji abin da ta faɗa ba, amsawa kawai ya yi.

Sautin inji ya yi nauyi, bai lura ba. Sai da ƙauri ya cika rumfar, hayaƙi ya taso, inji ya yi wata ƙara ya tsaya cik, sannan ya ɗago kai. Rabin waken na cikin inji, rabi na roba. Iveren ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe abin da za ta iya kwasa, ta tare ɗan acaba, ta ɗora robobin.

"Shekara goma ni ina zuwa wurin ka," ta ce. "Yau na faɗa maka ruwa yana zuba, kai ka ce kana zuwa."

Daga baya ya ji cewa ta tarar da layi a wani injin, waken ya fara tsami saboda zafi, alalen bai isa wurin biki ba sai bayan an fara watsewa.

Raymond bakanike, wanda ke gyara masa inji tun farko, ya zo ya kwance shi. Ya ce inji ya buga, fistan ya kama, sai an sayo kaya. Yana wanke hannu da fetur wayar Ɗanmusa ta yi wannan ƙarar ta sulalla. Raymond ya juyo.

"Malam, kai ma kana wannan? Ni da shi na fara. Wata shida ina ci a wasa, sai na ce tunda hannuna yana da sa'a bari in gwada na kuɗin gaske. Su da kansu suke nuna maka tallar. Babur ɗina a can ya tafi."

Ɗanmusa ma ya ga tallar, har ya taɓa buɗewa sau ɗaya. Abin da ya hana shi wucewa kawai tambayoyin Turanci ne da aka jero masa.

Washegari ya je wurin Nasiha cire kuɗin kayan gyara. Ta sa kati, na'ura ta ce kuɗin bai isa ba. Ta sake gwadawa, haka. Ta karɓi wayarsa ta buɗe saƙonnin banki, ta yi ta ja da yatsa. Ƙananan cira ne, babu mai yawa ko ɗaya, amma wata rana sau huɗu, wata rana sau bakwai, tun yana kwance har zuwa jiya da safe. Ta ajiye wayar idonta ya cika da hawaye.

"Baba, ni na ce maka ba caca ba ce."

"Ke kin faɗi abin da kika sani," ya ce. "Ba ke kika danna ba. Mai caca ma yana sa ran wata rana ya samu. Ni na san babu abin da zai dawo, ina ta biya."

Ta ce bari ta goge wasan. Ya hana ta. Ya ce ya san hanyar sake sauko da shi, kuma in ya sauko da shi a ɓoye abin zai fi muni. Sai suka yi wata dabara. Ta cire katin banki daga wayar, ta kashe saƙonnin da wasan ke turowa. Ya ce daga yau babbar waya a gida za ta riƙa yini, ƙaramar tsohuwar wayarsa mai tocila ita zai riƙa zuwa da ita rumfa. In ya dawo bayan la'asar yana so ya taɓa, ya yi da sulallan kyauta, in sun ƙare shi ke nan.

Rumfa ta kwana tara a rufe. Akuyar matarsa aka sayar aka cika kuɗin gyara, kuma matar ba ta ɓoye masa ɓacin ranta ba. Kafin ya buɗe, ya sayi tiya huɗu ta wake ya kai gidan Iveren ya ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta ce ta ji, amma ba ta dawo ba sai bayan wata biyu. Har yau in aikin biki ne wani injin take kaiwa.

Abin bai tafi sumul ba. Wata guda bayan haka wasan ya nuna masa saura kaɗan ya hau wani sabon mataki, ya je ya ce wa Nasiha ta mayar masa da katin na yini ɗaya.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan sa ba," ta ce.

Ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta da kyau. A rana ta uku ya aika mata da garin masara ba tare da wata magana ba.

Da ba a saye, sulallan kyauta ba sa wuce minti goma. Wasan ya fara gundurarsa. Yakan yi kwana uku bai buɗe ba, daga baya mako guda. Bayan sallar layya Nasiha ta haihu, ta zo za ta tura masa hotunan jariri wayar ta ce babu wuri. Ta tambaye shi me za a cire.

"Cire wancan na lemo da kankana," ya ce. "Ki bar min na wa'azi."

Ta cire, ta tura hotunan. Ya daɗe yana kallon jikansa, sannan ya tashi ya ɗauki galan, domin gas ya kusa ƙarewa kuma gobe akwai masu niƙan suna.